Rikicin Mai Gida da Ɗan Kwangila: Inda Yake Tsirowa da Yadda Ake Kashe Shi

A gefen manyan biranen Arewa, kama daga Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Jaba a Kano, zuwa Rigasa da Millennium City a Kaduna, har Lugbe da Mararaba a kewayen Abuja, da wuya mutum ya bi layi guda cikin sababbin unguwanni bai ci karo da kango ba, wato ginin da aka soma aka watsar. Wani ya tsaya a linta, rodin da aka bari a tsaye ya yi tsatsa, ciyawa ta tsiro a tsakiyar falo, tulin yashin da tifa ta sauke bara kuma ruwan sama ya kwashe rabinsa ya watsa a kwata.

Jama'a kan ɗauka rashin kuɗi ne kaɗai ke tsayar da irin waɗannan gine-gine, alhali da yawa daga cikinsu an riga an biya kuɗin da zai kai su rufi, abin da ya tsayar da su shi ne saɓanin da ya shiga tsakanin mai gida da wanda ya ba aikin. Wanda ya bi diddigin irin wannan saɓani yakan tarar cewa an shuka shi ne tun ranar da aka ƙulla magana, ba ranar da aka ɗaga murya a bakin gini ba.

Daga Sarkin Magina zuwa ɗan kwangila

Gini tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma tana da tsarin shugabanci tun kafin zuwan Turawa. A da, a manyan birane akwai Sarkin Magina, wanda ke raba aikin fada da na ganuwa tsakanin magina, yana kuma tsawata wa wanda ya yi ha'inci. Sana'ar gado ce, magini sananne ne a unguwarsu, kuma sunan gidansu shi ne jarinsa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, shaida ne ga irin ƙwarewar da wancan tsari ya haifar.

A wancan zamani kayan gini, wato tubali da azara da makuba, abubuwa ne da mai gida ya san su, yana iya bambance mai kyau da marar kyau da idonsa. Zuwan siminti da rodi da kwano ya sauya wannan lissafi, domin ƙarfin ginin zamani a ɓoye yake a cikin kankare, inda ido ba ya gani da zarar an zuba ya daskare. Faɗaɗar birane kuma ta sa mutum kan damƙa gumin shekara goma a hannun wanda bai san asalinsa ba, illa dai wani aboki ya ce ya iya aiki.

Hukuma ta kafa cibiyoyin da ke yi wa ƙwararru rajista, ARCON ta masu zanen gini, COREN ta injiniyoyi, CORBON ta ƙwararrun magina, da QSRBN ta masu ƙididdigar kuɗin gini, an kuma fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006. Sai dai mafi yawan gidajen talakawa da ma'aikata ana gina su ne ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙwararru ya taka wurin ba, don haka an rabu da tsohon tsarin Sarkin Magina, ba a kuma kama sabon tsarin ba.

Hanyoyi uku na ba da aiki

Hanya ta farko ita ce aikin yini, inda mai gida ke sayen kaya da kansa, yana biyan birkila da leburori kullum da yamma. Haɗarinta shi ne jan ƙafa, domin wanda ake biya da yini ba ya gaggawar gamawa.

Ta biyu ita ce jinga, wato a yanke kuɗin hannu a kan wani yanki na aiki, kamar daga harsashi zuwa linta, ko filasta, ko rufi, mai gida kuma ya kawo kaya. A nan matsalar takan juye, sai gaggawa ta yi yawa, a ɗora bulo a karkace, a ƙi jiran kankare ya yi ƙwari, don a karɓi cikon kuɗi a koma wani wurin.

Ta uku ita ce kwangila ɗungurungum, wadda ɗan kwangila zai karɓi kuɗin kaya da na aiki gaba ɗaya ya miƙa mukulli. Ita ce ta fi sauƙi ga mai gidan da ba shi da lokaci, ita ce kuma ta fi yawan haifar da shari'a, saboda duk abin da aka rage a siminti ko rodi riba ce ga wanda ya karɓi aikin. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke da aibi a kan kanta, rigima takan taso ne idan aka cakuɗa su, mai gida yana ganin kwangila ɗungurungum ya bayar, magini kuma yana ganin kuɗin hannu kawai ya karɓa.

Inda wutar ke tashi

Tushen farko shi ne cinikin baka. Kunya takan hana mutum ya ce wa ɗan unguwarsu ko abokin sahun sallarsa su rubuta, don kada a ce bai yarda da shi ba, sai a rabu a kan «a gama mini gidan» ba tare da an fayyace ko gamawar ta haɗa da katanga da sokawe da tayil da wayarin ɗin lantarki ba. Bayan wata shida, kowa zai rantse da gaskiyarsa, kuma sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu, kowa abin da ya fahimta yake faɗa.

Na biyu shi ne tashin farashi. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo, kayan gini sun yi tashin gwauron zabo. Buhun siminti mai kilo 50, wanda ake saya a kan naira 5,000 da ɗoriya a ƙarshen 2023, ya haura naira 10,000 a wurare da dama a watan Fabrairun 2024, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka sanar da farashin naira 7,000 zuwa 8,000. Ga ginin da ke buƙatar buhu 400, alal misali, ninkawar farashi daga 5,000 zuwa 10,000 na nufin giɓin naira miliyan 2 a siminti kaɗai, ban da rodi da katako da kwano a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa da Na'ibawa da Dei-Dei. Inda ba a yi magana tun farko a kan wanda zai ɗauki irin wannan ƙari ba, ɗan kwangila yakan zaɓi ɗayan biyu, ko ya tsayar da aiki ko ya rage inganci a ɓoye.

Na uku shi ne kuɗin da ya wuce aiki. Kafin alƙalami, wato abin da ake bayarwa don a soma, idan ya yi yawa yakan zama jarin wani aikin daban, domin ɗan kwangila mai wurare uku ko huɗu yakan ɗebi kuɗin wannan ya toshe ramin wancan. Daga ranar da kuɗin da aka biya ya zarce aikin da ke ƙasa, mai gida ya koma mai lallashi, wayar da yake bugawa kuma sai ta fara shiga ba a ɗauka.

Na huɗu shi ne ha'inci a kaya. Haɗin kankare da aka saba amfani da shi a ƙananan gidaje shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, amma lebura na iya ƙara yashi babu mai gani. Ana iya sa rodi mai milimita 10 inda zane ya ce 12, ko 12 inda ya ce 16. Buhun simintin da ya kamata ya ba da bulo mai inci 9 kimanin 30, wasu masu buga bulo kan fitar da 50 ko fiye daga cikinsa, irin bulon da ake murza gefensa da yatsa ya zube kamar gari. Kankare na buƙatar ban-ruwa na aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 injiniyoyi ke ɗaukar ya cika ƙarfinsa, amma mai gaggawa yakan cire katakon da ke tokare da dakin, wato rufin kankare, tun bai nuna ba.

Na biyar kuma daga wajen mai gida yake fitowa, wato sauye-sauye bayan an soma. A ƙara banɗaki, a matsar da taga, a rushe bangon kicin saboda uwargida ta zo ta gani bai yi mata ba, duk da baka ake faɗa, ranar lissafi kuma a ce ai cikin aikin ne.

Wanda aka ɗora a kan aiki

Mai kula da wurin gini, wanda wasu ke kira foman, shi ne idon mai gida, shi ke karɓar kaya, ya ƙirga leburori, ya tabbatar an bi zane. A aikace, masu gida da ke zaune a Legas ko Fatakwal ko Saudiyya kan ɗora ƙane ko ɗan'uwa ko amini a kan wannan kujera, ba don ya san gini ba sai don an yarda da shi.

Wannan tsari yana da rauni ta fuska uku. Wanda bai san aikin ba, magini na iya wuce shi da ha'inci yana tsaye a wurin. Wanda ba a yanka masa lada ba, saboda an ɗauka zumunci ne, yakan nemi ladansa a wajen mai sayar da kaya ta hanyar la'ada ko ƙarin farashi a rasit. Wanda kuma aka haɗa masa sayayya da ajiya da dubawa da ba da rahoto duk a hannunsa, babu mai duba shi. Hotunan da ake turawa ta WhatsApp ba sa nuna kaurin rodin da ke cikin ginshiƙi, ba sa kuma nuna buhu nawa aka buɗe a ranar. Idan asiri ya tonu a irin wannan hali, abin da ake rasawa ya wuce kuɗi, domin 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya kan daina gaisawa har tsawon shekaru.

Kowa da nasa kukan

Masu gida suna kukan cewa an mayar da su saniyar tatsa, kullum sai a ce kaya sun tashi ko kuɗi sun ƙare, wa'adin wata uku ya koma shekara, ga kuɗin haya na ci gaba da cin su a inda suke zaune.

'Yan kwangila da magina su ma suna da nasu. Sukan ce mai gida yakan tara mutum uku ya zaɓi wanda ya fi araha, ko da farashin ba zai iya gina gidan ba, sannan ya nemi aikin da ya fi na kowa kyau, alhali araha ba ta ado. Sukan ce ana sakin kuɗi a gutsure, a bar su da leburori na jiran sallama da yamma, sannan idan an gama a riƙe cikon kuɗinsu da hujjar wani ɗan tsagu a bango. Ƙananan magina, waɗanda ba su da lauya ba su da uban gida, su ne suka fi shan wannan zalunci, kuma da yawa sukan haƙura su bar wa Allah.

Ƙwararru masu rajista kuwa suna ganin duka ɓangarorin biyu sun guje su ne don tsoron kuɗin da za a biya su, wanda kaso ne ƙarami idan aka gwada da kuɗin ginin, sai a tuna da su bayan bango ya tsage. Malaman fiƙihu nasu hangen shi ne cewa jahilci a kan abin da aka ƙulla, wato rashin sanin girman aiki ko lada ko wa'adi, yana ɓata cinikin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Ke nan neman a rubuta ba zargi ba ne, bin koyarwar addini ne.

Abin da ake asara

Ginin da ya tsaya ba ya jira a yadda aka bar shi. Siminti a ajiye yakan daskare cikin 'yan watanni, musamman da damina, katako yakan lanƙwashe ko gara ta ci, ɓarayi kuma kan kwashe wayar lantarki da ƙofofi. Maginin da za a kawo daga baya ba ya karɓar aikin wani da araha, yakan ce sai an rushe wani sashe, ga farashin kaya ya ƙara gaba.

Asarar da ta fi kowace muni ita ce ta rayuka. Bene mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas a watan Nuwamban 2021 ya kashe mutum fiye da 40, wani benen da ake ginawa ya rufta a titin Beirut na Kano a watan Agustan 2022, ginin wata makaranta kuma ya faɗa kan ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024 ya kashe fiye da 20. Waɗannan manyan gine-gine ne, amma dokar kankare da rodi ɗaya ce ga bene da ƙaramin gida, kuma iyalin mai gida ne za su kwana a ƙarƙashin dakin ɗin da aka yi rigima a kansa.

Idan rikici ya riga ya ɓarke

Matakin farko shi ne dakatar da biyan kuɗi da kuma dakatar da duk aikin da zai rufe abin da ake jayayya a kai, kada a yi filasta a kan bangon da ake zargi, kada a zuba kankare a kan rodin da ba a auna ba. Zagi a gaban leburori ba ya dawo da ko kwabo, sai dai ya rufe ƙofar sasanci, ya kuma ba wanda ake tuhuma hujjar tattara kayansa ya tafi.

Mataki na biyu shi ne tattara shaida, wato rasit, shaidar tura kuɗi ta banki, saƙonnin waya, hotuna masu kwanan wata, da ƙirgen kayan da suka rage a wurin a gaban shaidu daga ɓangarorin biyu.

Na uku, wanda shi ne ƙashin bayan sulhu, shi ne awo. A kawo wanda ba shi da hannu a cikin aikin, mai ƙididdigar kuɗin gini ko injiniya ko dattijon magini da ɓangarorin biyu suka amince da shi, ya auna aikin da aka yi, ya ƙiyasta kuɗinsa, ya ware wanda ya lalace. Da zarar an ajiye adadin abin da aka biya kusa da adadin abin da ke ƙasa, gardama takan ragu, domin an daina maganar mutunci an koma maganar lissafi, kuma ba kasafai lissafin ke nuna laifin a ɓangare guda kaɗai ba.

Na huɗu shi ne takardar gargaɗi, wadda za ta lissafa gyaran da ake nema da wa'adin da aka bayar, mako biyu alal misali. Korar ɗan kwangila nan take ba tare da wannan ba, ko kawo wani ya ci gaba kafin a yi awo, yakan juyar da shari'a a kan mai gida, domin shi ma ya saɓa yarjejeniya, ya kuma shafe shaidarsa da hannunsa.

'Yan sanda, zauren sulhu da kotu

Da yawa sukan garzaya ofishin 'yan sanda don a tsare magini sai ya biya. Doka ta hana wannan ƙarara, domin sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun ce ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki, kuma wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana iya neman diyya daga wanda ya sa aka kama shi. Inda 'yan sanda ke da hurumi shi ne inda aka sami laifi na zahiri, kamar sayar da simintin mai gida, ko buga rasit na jabu, ko karɓar kuɗi a gudu.

Hanya mafi kusa da araha ita ce sulhu, ta hannun mai unguwa, ko limami, ko shugabannin ƙungiyar magina, ko Hukumar Hisba a jihohin da take. Akwai kuma cibiyoyin sasanci da ke ƙarƙashin manyan kotuna, waɗanda aka fara a Legas a 2002, daga baya aka buɗe a Abuja da Kano da wasu jihohi, inda mai shiga tsakani ke zaunar da ɓangarorin biyu, abin da suka amince kuma alƙali ya sa masa hannu ya zama hukunci. Dokar sasanci da alƙalancin yarda ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ƙara wa irin wannan yarjejeniya ƙarfi. Duk inda aka yi sulhun, wajibi ne a rubuta shi da adadi da wa'adi da shaidu, in ba haka ba an sake komawa gidan jiya.

Idan sulhu ya ci tura, akwai kotunan shari'ar Musulunci, da kotunan majistare, da kotunan ƙananan basussuka da jihohi irin su Legas da Kano suka kafa don a gama ƙarar kuɗi cikin ɗan lokaci, manyan kuɗi kuma a je babbar kotu. Idan mai laifin ƙwararre ne mai rajista, ana iya kai kuka hukumar da ta ba shi lasisi. Sai dai duk waɗannan wurare takarda suke tambaya kafin komai, kuma doka ta sa wa shigar da ƙara wa'adi, don haka jinkiri na iya kashe haƙƙi.

Takardar da ke hana rigima

Yarjejeniyar ginin gida ba sai ta yi kauri ba, shafi biyu ko uku da Hausa ko Ajami ko Turanci sun isa, muddin sun ƙunshi zanen da hukumomin tsara birane, wato KNUPDA ko KASUPDA ko takwarorinsu, suka amince da shi, jerin ayyuka ɗaya bayan ɗaya, nau'in kaya da kaurin rodi da haɗin kankare, wanda zai sayi kaya, ranar somawa da ta gamawa, da abin da za a yi idan farashi ya tashi.

Biyan kuɗi ya zama mataki-mataki, harsashi, linta, rufi, filasta, ƙarasawa, kuma kada a biya na gaba sai wani masani da mai gida ke biya da kansa ya duba na baya, musamman kafin a zuba kankare. Duk sauyi a rubuta shi da kuɗinsa kafin a taɓa shi. A manyan kwangiloli akan riƙe kimanin kashi 5 cikin 100 na kuɗin har tsawon wata shida bayan gamawa don gyaran abin da ya bayyana, kuma babu abin da ya hana ƙaramin gida ɗaukar wannan tsari, ta yadda damina ɗaya za ta gwada rufin. A raba mai sayen kaya da mai duba aiki, a kuma yanka wa mai kula da wuri ladansa a fili ko da ƙane ne.

Haƙƙi a nan ta fuska biyu yake. Mai gida ya biya a kan kari, ya daina neman gidan miliyan ashirin da miliyan goma, magini kuma ya faɗi farashin gaskiya tun farko ko da zai rasa aikin. Ƙungiyoyin magina da limamai da masu unguwanni za su rage wa jama'a wahala mai yawa idan suka samar da takardar yarjejeniya mai sauƙi da Hausa, suka kuma nuna cewa cika ta ba rashin yarda ba ne. Duk mai shirin haƙa harsashi a bana, ya fara zaunar da magininsa da shaidu biyu su rubuta, kafin ya sauke tifar yashi ta farko.